Yadda Gwamnati Ta Auna Taufiƙ

Ni tela ne, sunana Hamadu, shagona yana daidai kwanar layinmu a Garwa, inda duk abin da zai faru sai ya gifta ta gabana kafin ya isa kunnen Jawro, mai unguwarmu. Saboda haka wannan labari ba jita-jita ba ce. Ina kan keken ɗinki ina taka ƙafa aka yi komai.

Taufiƙ maƙwabcina ne. Bokitai da robobi yake sayarwa a bakin kasuwa, amma in ka zauna da shi ka sha shayi kofi ɗaya, sai ka rantse minista ne da aka manta ba a ba shi ofis ba. Babu garin da bai sani ba. Duwala? "Kamar tafin hannuna." Yawunde? "Kai, har ta gundure ni." Alhali duk layin an san iyakar tafiyarsa Ngong ce, nan bayan gari, ita ma ɗaurin aure aka kai shi, ya yi amai zuwa da dawowa. Yayyen matarsa Hindu kuwa 'yan kasuwa ne na gaske, masu sauke kaya daga Duwala. In sun zo gaishe da ƙanwarsu sai su ce masa, "Alhaji na Ngong, ya gajiyar hanya?" Wannan suna ya fi ƙaya a takalmi damun Taufiƙ. Ya sha rantsuwa a shagona cewa sai ya taka Yawunde, ko duniya za ta tashi.

Ana nan sai ga wata farar mota a ƙofar Jawro. Wata ma'aikaciya ta sauko daga ofishin kula da dabbobi, Madam Pélagie, gajeruwa mai tabarau, da wani abu a hannunta kamar bulo. Aka tara jama'a. Hausarta ta kasuwa ce, ta sa Fulatanci nan, ta sa Faransanci can, amma kowa ya gane.

"Jam na, jama'a?"

"Jam!"

"Wannan dutsen lasa ne. Wanda ya ƙera shi ya ce in akuya tana lasarsa sai ta yi ƙiba. Mu ba mu ce ƙarya yake ba, ba mu ce gaskiya yake ba. Kafin gwamnati ta saya wa duk arewa, sai an gwada."

Micheline ta ɗaga hannu. Ita mutuniyar Mokolo ce, katangarta ɗaya da gidan Taufiƙ, makala take soyawa a bakin titi, wato fanke, kuma bakinta ya fi manta zafi.

"Madam, an sha gwada mana abubuwa. An gwada mana famfo, an gwada mana irin masara. Kullum in mun tambaya sai a ce sakamako yana ofis. Har yau ba mu san ƙofar ofishin nan ba."

"Shi ya sa wannan karon a fili za a yi," in ji Madam. "Ga sikeli nan, fuskarsa tana kallon ku, ba ni ba. Yau za a auna kowace akuya, a faɗa da lasifika, a rubuta a allo a bangon Jawro. Rabin gidaje su sami dutse, akuyarsu ta sa jan ƙyalle a wuya. Rabi ba za su samu ba, nasu shuɗi. Bayan wata uku mu sake aunawa a nan. In ja sun fi shuɗi, dutse ya yi aiki. In ba su fi ba, a faɗa wa kowa bai yi ba. Ba ɓoye-ɓoye. Kuma mutum ɗaya daga layin nan zai bi ni Yawunde ya gaya wa manya abin da idonsa ya gani, mai daɗi ko marar daɗi. Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa zuwa Yawunde."

Kafin ta rufe baki Taufiƙ ya miƙe har hularsa ta faɗi.

"Madam, kin samu mutuminki! Kakana dillalin shanu ne daga Kano, da ido yake auna sa. Jinin awo ne a jikina."

Daga cikin mata aka ji muryar Hindu: "Akuyar gidan ma tawa ce, ko sunanta bai sani ba."

Aka yi dariya. Madam ta ce zaɓen mai tafiya sai ranar ƙarshe, jama'a ne za su yi, amma tana bukatar mai sa ido: ja su lasa, shuɗi kada su lasa. Taufiƙ ya buga ƙirji ya ce ko ƙuda shuɗi ba zai sauka a dutsen nan ba.

Aka zuba ƙyallaye a ƙwarya, kowane gida ya rufe ido ya zara. Gidan Taufiƙ ya zaro ja, Micheline ta zaro shuɗi. Aka ba Rodrigue lasifika. Shi ɗan acaɓa ne, kuma shi ke jan waƙa a cocinsu, murya gare shi kamar jirgin sama zai sauka. Kafin a ɗora akuya ko ɗaya, Taufiƙ ya ce dole ya tabbatar wa jama'a sikelin ba shi da ha'inci, ya haye da kansa.

"Taufiƙ, kilo sittin da takwas!" Rodrigue ya kwarara.

Doka ita ce duk abin da ya hau sikeli a rubuta shi. Sai aka rubuta a saman allo, sama da Ƙyalla akuyar Hindu, sama da Prinses akuyar Micheline. Taufiƙ ya dubi sunansa ya gyara hula. Ya ce mini, "Ka gani? Ni ne na farko."

Washegari ya shigo shagona da yadi mai ruwan toka.

"Kwat da wando, Hamadu, irin na ministoci. Ya kama jiki."

"In bar ɗan wuri? Mutum yakan ƙaru."

"Manya ba sa sa buhu."

Na ɗinka yadda ya ce, ya kama shi kamar fatar ganga.

Matsala ta fara tun safiyar farko. Awakin layinmu ba su san gidan ubangidansu ba sai da magariba. Da hantsi duk gidan da ƙofa take buɗe nasu ne. Taufiƙ ya fito wanka da tawul ya tarar da Prinses, da shuɗin ƙyallenta, ta lumshe ido tana lasar dutse kamar mai shan zuma, Ƙyalla tana gefe tana jiran layi.

"Micheline! Zo ki ɗauke akuyarki, tana ɓata wa gwamnati aiki!"

Daga bayan katanga ta ce, "Gaya mata da kanka, ai kai ne mai jinin awo. Ita Mafa take ji, yaren garinmu, ba ta jin Hausar manya."

Taufiƙ ya ce to, za a raba layi. Ya sayo igiyar roba doguwa. Amma gidajen ja da na shuɗi a cakuɗe suke, wannan ja, na kusa shuɗi, na gaba ja. Sai igiya ta bi ta nan, ta tsallaka titi, ta dawo, ta zagaye turken wuta, ta sake tsallakawa, har layinmu ya koma kamar saƙar gizo. Ya tsaya a tsakiya da sanda yana ba da hannu kamar ɗan sanda.

Awaki suka bi ta ƙarƙashi. Rodrigue ne bai bi ta ƙarƙashi ba. Ya shigo kwana a guje, da kwanon ƙullun makalar Micheline a bayansa, igiya ta ɗauke shi a ƙirji. Babur ya yi gaba shi kaɗai, Rodrigue ya zauna a ƙasa, kwano ya tashi sama ya juya ya sauko a kan Taufiƙ kamar an yi masa naɗi.

"Wane mahaukaci ne ya shanya igiya a titi?" in ji Rodrigue.

Daga cikin kwano aka ce, "Aikin gwamnati ne."

Micheline ta iso da matsami a hannu. "To gwamnati ta fito daga kwanona in ga fuskarta."

Kafin ya fito, awaki ja da shuɗi sun kewaye shi suna lashe ƙullu daga rigarsa cikin haɗin kai da zaman lafiya. Jawro ya aiko a kwance igiya kafin la'asar.

Taufiƙ bai karaya ba. Ya ce a kulle dutse a ɗaki, sai akuya ta nuna jan ƙyalle a buɗe mata. Ya bi gidajen ja ɗaya bayan ɗaya ya ba da wannan umarni, ya dawo gida yana huci irin na wanda ya gama babban aiki. Yana shiga ya ji ƙarar taɓarya. Hindu ce ta sa dutsen a turmi ta fasa shi biyu, tana naɗe rabi a leda.

"Hindu! Me nake gani?"

"Na Micheline ne. Tun safe Prinses take kuka a bakin ƙofa."

"Ita shuɗiya ce! Ba ta cikin masu lasa!"

"Malam, tun da muka zo layin nan, in na yi tuwon sallah sai na aika mata, in ta yi Kirsimeti sai ta aiko mana da kaza da ranta mu yanka da kanmu. Ranar da na haihu ita ta wanke ni. Yau a kan dutse zan yi mata rowa? Tawa tana lasa tata tana kallo?"

"Wannan siyans ne, ilimin kimiyya, ba ki sani ba!"

"Shi siyans ɗin ba shi da maƙwabta?"

Ta miƙa ledar ta saman katanga, aka ce "useko", wato an gode, daga can. Ashe ba Hindu kaɗai ba ce. Duk matan gidajen ja sun yi haka tun makon farko, kowacce ta gutsura wa ta kusa da ita, wata ma har ta aika wa ƙanwarta a wata unguwa. Taufiƙ ya ɗauki buhu ya bi gidajen shuɗi yana karɓo gutsattsari. A nan a ba shi, a can a zage shi, a gaba a sako masa kare. Ya zo shagona ya zube, aljihunsa cike da gutsuren dutse.

Na dube shi da fuskar tausayi, na ce, "Taufiƙ, ni abu ɗaya nake jiye maka. A Yawunde manya ba sa wasa. In minista ya ce, 'Malam, yaya ɗanɗanon dutsen nan?' me za ka ce?"

Ya zaro gutsure ya duba. Ya waiga dama da hagu. Ya ɗan taɓa da harshe.

"Hamadu... akwai maɗi a ciki."

"Haba?"

"Da gishiri-gishiri. Da wani abu kamar ƙuli."

Daga ranar nan bakin Taufiƙ bai huta ba. Yana ciniki yana lasa, yana gadin awaki yana lasa. Abin kuma buɗe ciki yake yi. Mutumin da malmala ɗaya take isarsa ya koma neman ta uku, ya fita ya sayi makala wajen Micheline yana cewa don a zauna lafiya ne. Wuyansa ya fara ninki, fuskarsa ta yi sheƙi. Hindu ta ce mini ko gashin kansa ya yi laushi.

Da lokacin awo ya matso, Taufiƙ ya zauna a bencina yana kallon awaki suna wucewa, fuskarsa ta canza. Ja sun yi ɓul-ɓul. Shuɗi ma sun yi ɓul-ɓul. Prinses ma ta fi kowa.

"In ba bambanci, ba labari. In ba labari, wa zai biya mini jirgi?"

"Madam fa ta ce mai daɗi ko marar daɗi."

"Haka suke faɗa. Ka taɓa ganin an kai mutum Yawunde ya ce abu bai yi ba? Dole shuɗin nan su rame."

Dabararsa ita ce motsa jiki. Bayan sallar asuba ya tattara awakin shuɗi ya ce zai kai su shan iska, ya kora su bakin Binuwai, ya ɗaure wando, ya fara bin su da gudu yana ihu. Da farko sun yi gudun. Sai Prinses ta hango lambun salak da albasa a gaɓar kogi, kore shar. Ta karya kwana, sauran suka bi ta. Taufiƙ ya bi su yana "Kai! Kai! Ba ci aka zo ba!" Mai lambu ya taso da fartanya, ya ga ƙato a tsakiyar salak ɗinsa yana ɗaga hannu, bai tsaya tambaya ba. Taufiƙ ya yi tsalle zai haye kwatar ban ruwa, nauyin da ya ƙara ya ci amanarsa, ya nutse a taɓo har ƙugu.

Da hantsi awaki suka dawo layi da kansu, a jere, cikinsu kamar tulu, suna warin albasa. Can sai ga Rodrigue ya goyo wani abu baƙi a bayan babur, ido biyu kawai ake gani.

Micheline ta leƙo daga rumfarta. "Rodrigue, ina ka samo kada?"

"Ba kada ba ne, Mama, ma'aikacin gwamnati ne."

"To a wanke shi kafin a auna, kada taɓo ya ƙara masa kilo."

Ana gobe awo, Taufiƙ ya ce yana da makami na ƙarshe, gadon kakansa dillali. In za a kai sa kasuwa, sai a dama masa dusa da kanwa da safe. Ƙishirwa ta kama shi, ya sha ruwa har ya kumbura, mai saye ya ga ƙato. Zai yi wa ja haka, ya bar shuɗi. Ya bi gida-gida ya ce duk awaki su kwana a gidansa don a shirya su, akwai mai ɗaukar hoto daga ofis. Da ya tara su sai ya ga ƙyallayen wuyansu sun yi dauɗa, ba su dace da hoton da zai je Yawunde ba. Ya kwance duka, ja da shuɗi, ya zuba a bokiti ɗaya cikin sababbin bokitansa, ya sa ruwan zafi da omo, ya cuɗa da ƙarfinsa.

Da safe ya shigo shagona a guje da bokitin.

"Hamadu, duba!"

Na duba. Babu ja, babu shuɗi. Duk sun koma kala ɗaya, irin ta folere, wato zoɓo, wanda ya kwana.

"Wanne ne wanne?"

"Tambayi matan, kowacce ta san akuyarta."

"In tambaye su su ce me zan yi?" Ya yi ta zagaye shago yana lasar dutse. Can ya tsaya, idonsa ya yi haske. "A ba kowa! In duk suka yi nauyi, ai dutse ya yi aiki har ga wanda bai lasa ba. Wannan ma ya fi!"

Ya dama dusa da kanwa baho guda, awaki suka cinye. Ya jera bokitan shagonsa cike da ruwa, suka sha, suka sha, har Ƙyalla ta koma kamar salka da ƙafafu. Sannan ya zo sa kwat. Wando ya tsaya a cinya ya ce ba ya gaba. Muka ja ni da shi, ya riƙe numfashi, na ɗaura maɓalli da addu'a. Na kwat ɗin kuwa ɗaya kawai ya yarda ya shiga.

"Yadin nan ya shige, Hamadu."

"Haka yadin manya yake yi."

Ƙofar Jawro ta cika. Masu shago sun rufe, 'yan acaɓa sun jera babura, har yayyen Hindu sun zo sun zauna a gaba. Madam Pélagie ta sauko da mai hoto. Sai ga Taufiƙ ya taho yana tafiya kamar wanda aka ɗaure da waya, bayansa garken awaki suna rangaji, cikinsu yana ƙara, culuk, culuk.

Madam ta cire tabarau ta goge ta mayar. "Mesiye Taufiƙ, ina ja, ina shuɗi?"

"An samu haɗin kai, Madam."

Ta ce ba komai, sunan gida yana allo, kowa ya kamo tasa. Aka fara da Ƙyalla. Mutum biyu suka ɗaga ta da ƙyar. Allurar sikeli ta yi tsalle, jama'a suka ce "Kai!"

"Ƙyalla ta Hindu, kilo talatin da huɗu!" in ji Rodrigue.

Taufiƙ ya juya ga surukansa ya ɗaga gira. A daidai nan Ƙyalla ta buɗe ƙafafu, ta dubi sama, ta saki.

Fuskar sikeli tana kallon jama'a, kamar yadda aka yi alkawari. Kowa ya ga allura ta fara dawowa. Shi kuwa Rodrigue an ce masa duk abin da allura ta nuna ya faɗa, kuma mutum ne mai riƙon amana.

"Talatin da uku da rabi! Talatin da uku! Jama'a tana sauka! Talatin da biyu da rabi!"

'Yan acaɓa suka karɓa kamar ana ƙwallo a filin Rumde Ajiya. "Sauka! Sauka!" Wani ya busa hon. Akuya kuwa in ta ga 'yar'uwarta ta fara, ba ta jira. Prinses ta saki, na bayanta suka saki, cikin ƙiftawar ido ƙofar Jawro ta koma fadama. Jawro ya ɗage ƙafafunsa kan kujera yana salati. Mai hoto ya haye tayar mota.

Madam ta karɓi lasifika. "Tun da mun ce a fili, to a fili. Wa zai gaya mini abin da aka ba dabbobin nan?"

"Zafi ne, Madam," in ji Taufiƙ. "Zafin Garwa. Ko ni nan..."

"Kanwa ce," in ji Hindu, ta miƙe ta gyara mayafi. "Kanwata ta miya, duk ya kwashe."

Madam ta miƙa mata lasifika. Hindu ba ta taɓa riƙe irinsa ba, amma ta kama shi kamar muciya.

"Madam, ba sai an wahalar da ke ba. Dutsen nan kowace akuya a layin nan ta lasa. Ni na fasa nawa na ba Micheline, kuma in an sake kawowa gobe zan sake ba ta. In kuna son wasu su lasa wasu su kalla, kada ku raba mu gida-gida. Mu ba haka muke zaune ba."

Mata suka yi guɗa. Micheline ta karɓe lasifika ta ƙara da labarin igiya, da na lambu, har da kwaikwayon yadda ya fito daga taɓo. Taufiƙ ya ɗaga hannu zai kare kansa.

"Ƙarya ne! Ni da hannuna na tattaro duk wani gutsure, na adana shi inda bakin kowa ba zai kai ba!"

Ya buga aljihun kwat don ya nuna. Ɗinki ya ce ɓarak. Gutsattsarin dutse suka zubo, duk sun sha lasa har sun yi santsi kamar sabulun da ya kusa ƙarewa.

Awaki suka ji ƙamshi.

Prinses ce ta fara isa. Ta tura kai cikin ɗaya aljihun. Ƙyalla ta kama gefen kwat. Wani bunsuru ya zagaya ta baya ya ga zaren wando yana lilo, ya ja. Taufiƙ ya juya dama, awaki. Hagu, awaki. Wuri ɗaya ne mai tudu a filin nan, ya yi tsalle ya haye shi, ya dafe wando da hannu biyu.

Allura ta juya. Rodrigue ya dubi Madam, Madam ta dubi sama. Doka doka ce.

"Taufiƙ, kilo saba'in da tara!"

Duk idanu suka koma saman allo, inda aka rubuta sittin da takwas tun ranar farko. Sai maɓallin kwat ɗin nan ɗaya tilo ya ce fit, ya tashi ya bugi allo.

Babban yayan Hindu ya faɗo daga benci. Jawro ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Micheline ta ce, "Madam, rubuta! Dutse yana aiki, sai dai ba a kan awaki aka gwada ba!" Mai hoto kuwa bai yi wasa da damarsa ba.

Da aka samu numfashi, Madam ta share hawaye ta ce, "Jama'a, ga abin da zan rubuta, ku ji kafin Yawunde ta ji. Gwaji ya lalace. Ba mu san ko dutsen yana sa akuya ƙiba ba, saboda haka gwamnati ba za ta saya ba tukuna. Laifin ba naku ba ne duka, mu ne muka raba maƙwabta gida-gida. Za a sake, unguwa guda ta samu duka, a kwatanta da wata can hayin kogi. Za a liƙa rahoton a nan kowa ya karanta. Yanzu wa zai bi ni ya faɗi wannan?"

"Hindu!" Mata suka faɗa baki ɗaya, maza suka bi.

Taufiƙ yana kan sikeli har yanzu, don bunsurun bai tafi ba. Ya ce da ƙaramar murya, "Ai mace ba ta tafiya ba rakiya."

"Yayana zai raka ni," in ji Hindu. "Kai ka tsaya ka kula da Ƙyalla. Ga sunanta nan ka koya."

Ranar tafiya muka raka ta tashar mota. Yayan nata ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji na Ngong, in mun wuce ta garinku za mu gaishe su."

Bayan ta dawo aka liƙa rahoton a bangon Jawro, Faransanci a gefe, Hausa da Fulatanci a gefe, ba a rage komai ba, har kanwa. A tsakiya ga hoto: Taufiƙ a kan sikeli, ya dafe wando, awaki sun ɗaga kai suna kallonsa kamar masu sauraron wa'azi. Hindu ta ce a Yawunde an haska hoton a bango, ƙato, manya suka yi ta dariya har wani ya nemi ruwa.

Na ɗauka Taufiƙ zai daina bin ta ƙofar Jawro. Ina! Yanzu da la'asar can yake ajiye kujera, daidai ƙarƙashin hoton. Duk baƙon da ya tsaya karantawa sai ya taso.

"Ka gane mutumin? Ni ne. Wannan fuskar da kake gani ministoci sun kalle ta a Yawunde."

Jiya na ce masa, "To ai hoton ne ya je, ba kai ba."

Ya dube ni da tausayi. "Hamadu, ƙananan mutane ne suke zuwa da ƙafarsu. Kai a duk Garwa, wa gwamnati ta taɓa aunawa sau biyu ta sanar wa duniya?"

Ya sa hannu a aljihu, ya waiga dama da hagu. Prinses tana tsaye a bayansa tana jiran layi.